Zango bayan zango: yadda fatake ke tafiya Gwanja

Duk malamin da ke koyarwa da Hausa, ko mai sauraren rediyo, ya saba da kalmar zangon karatu. Zango na farko, na biyu, na uku, sannan babban hutu. Kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su tambayi inda kalmar ta fito. A bakin hanya aka haife ta. Zango shi ne wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma shi ne tsawon tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. Wato mun ɗauki shekarar yaro a lakwal mun auna ta da ma'aunin fatake.

Tarihin kasuwanci da muka koya a makarantar horon malamai, wanda muke maimaita wa yara, kusan duk arewa yake kallo: raƙuma, gishiri, zinariya, Tumbutu, Agadas, Tarabulus. Ya cancanci a koyar, ba musu. Amma doguwar tafiyar da Bahaushe ya yi da ƙafarsa da jakinsa, wadda shi ne shugabanta kuma shi ne mai dukiyarta, kudu maso yamma ta nufa, zuwa Gwanja a arewacin ƙasar Gana ta yau, neman goro. Ita nake so mu duba tare, malamai 'yan uwana da iyayen yara, domin tana da abin faɗa game da samarinmu masu rataya jaka su bar gida a wannan zamani.

Hanyar tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya danganta buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja da zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1438 zuwa 1452, kuma ya ce a zamanin Yakubu, wanda aka naɗa ba da jimawa ba bayansa, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. A lura, Katsina aka ambata. Kafin jihadi ita ce babbar kasuwar ƙasar Hausa, kuma mu mutanen wannan yanki Katsinawa ne, sarautarmu ma sunanta Sarkin Katsina har yau. Goron kansa ba a Gwanja yake fita ba, a kurmin Asante yake. Sarakunan Asante ba sa barin baƙin fatake su kutsa cikin kurmi, sai a fito da goron zuwa Salaga, babbar kasuwar Gwanja, a can mai saye da mai sayarwa ke haɗuwa.

Ana tashi da kaka, idan ruwa ya ɗauke, ciyawa na nan, rafuka sun fara janyewa. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Katsina yakan bi ta Sakkwato ko Jega, ya ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Illo, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga. Akwai kuma hanyar arewa, ta Sayi da ƙasar Gurma. Ko wacce aka bi, tafiyar ta haura kilomita 1000, kuma zuwa da dawowa kan ci daga wata shida har shekara. Kayan da ake ɗauka: kanwa, turkuɗi da riguna, jar fata, duwatsun wuya, gabu (busasshen ganyen albasa, wanda matan can ke so a miya), dawakai da shanu. Ba a jira sai Salaga kafin a fara ciniki, kowace kasuwa ta kan hanya ana sayarwa ana saye.

Girman ayarin ne ke ba yara mamaki idan na faɗa musu. Baturen nan Kilafatan, da ya biyo ta Kayama a ƙasar Bargu a 1826, ya tarar da ayarin Hausawa mai dawowa daga Gwanja, ya ce mutanensa maza da mata sun haura 1000, dabbobin kaya ma kamar haka. Ka ɗauki ƙauye guda cikakke ka ɗora shi bisa hanya. Taro irin wannan ba ya tafiya kara zube, kuma nan ne na ga abin da ya fi kamata mu koyar.

A sama akwai madugu, uban tafiya. Ba sarki ne ya naɗa shi ba. Falke ne da ya sha bin hanyar har ya san kowace rijiya da kowane mashigi, ya san halin kowane sarki, har sauran fatake suka yarda su sa dukiyarsu da rayukansu a bayansa. Shi ke sa ranar tashi, bayan malamin ayari ya duba ya yi addu'a. Shi ke zuwa fada ya kai gaisuwa ya yi cinikin kuɗin wucewa a madadin kowa, shi ke raba gardama idan jakin wani ya ci dawar wani. Jagaba na can gaba, yana duba hanya da alamun 'yan kwanta-kwanta. Uban dawaki shi ke tattara kason kowa na kuɗin fito da na wucewa, gwargwadon yawan kayansa, ya kuma riga ayari zuwa ya shirya wurin sauka. Malami na jan salla, yana rubuta wasiƙa da lissafi. Akwai makaɗa, gangarsu ce ke cewa a ɗaura kaya, ita ce ke cewa a sauke. Madugu kansa yakan tafi a ƙarshen layi, domin wanda ya gaji ko dabbarsa ta faɗi kada a bar shi a baya ba a sani ba.

Tun asuba ake ɗaura akumari, a ɗora mangala da taiki bisa jakuna da takarkarai, 'yan alaro su ɗauki nasu a ka. Ana tafiya cikin dogon layi har rana ta fara zafi, sai a sauka. Mai ɗaukin isa da wuri zai ce ɓata lokaci ne, amma jaki mai kaya yana buƙatar kiwo da ruwa, kuma kafa zango aiki ne na rabin yini. Galibi a wajen gari ake sauka, kusa da ruwa. Samari su shiga daji su yanko rassa da ciyawa a kafa bukkoki, kowane maigida da mutanensa a ɓangarensu, kaya a tsakiya, dabbobi a ɗaure kusa, inda ake tsoro a ja shingen ƙaya. Mata su ɗora tukwane. Mu daina zana ayari a allo da maza zalla: mata na ciki, suna ɗaukar kaya, suna dafa abinci suna sayar wa wanda ba shi da mai dafa masa, suna ɗan fataucinsu. Mutanen gari su fito da hatsi da nono da itace, kasuwa ta ci nan take. Da dare a hura wuta, a sa masu gadi. Gobe a bar bukkokin a tsaye, ayarin da ke biye ya gyara ya shiga. Wurin da aka saba sauka shekara da shekaru, wani ya gaji ya zauna, wani ya yi aure, wani malami ya buɗe makarantar allo, sai zango ya zama unguwa.

Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya bi ubansa a wannan tafiya, kafin ya dawo ya iya ƙirga wuri dubu-dubu, ya iya gaisuwa da ciniki cikin harsuna biyu ko uku, ya san ciwon jaki da maganinsa, ya san inda ake magana da inda ake kama baki. Shekaru yake yi yana kora jakin wani kafin a ba shi nasa.

Dawowa ta fi wuya, saboda goro kaya ne mai rai. Ana ƙirga shi da ƙwarya, ɗari-ɗari, a naɗe cikin ganyen fita a zuba a waga. In ya bushe ya lalace, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Don haka bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a zauna a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, a fid da mai sankara kada ya shafi sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Wata biyu ko uku ana haka. Bajamushe Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa birnin a shekara ya haura kayan jaki 500, kuma kayan jaki ɗaya, in ya iso lafiya, ana sayar da shi wuri kamar 200,000. Wannan "in ya iso lafiya" ita ce duk sana'ar.

To, ina muke cikin labarin, mu na Madarunfa? Babbar hanyar Gwanja ba ta gefen tabkinmu ta bi ba, kuma a ƙarni na 19 rawar da yankinmu ya taka ba ta masu masauki ba ce kaɗai. Bayan masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka shiga yaƙi na shekaru da dama tsakanin Maraɗi da Tsibiri a gefe guda, da daular Sakkwato a ɗaya gefen. Ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ta koma daji, fagen mahara. Barth ya ratsa gefenta a watan Janairu 1851 tare da ayarin gishiri na Abzinawa, ta Tasawa da Gazawa, ya ga kufan Ɗankama, ya isa Katsina ya tarar da ƙatuwar ganuwa da mutane 7000 ko 8000 kacal a cikinta. Kasuwa ta riga ta gudu Kano. Idan muna yi wa yara kirarin jarumtar Ɗan Baskore, daidai ne, amma mu ƙara musu cewa dawakin da muke yabo su ne abin da falken Katsina ke addu'ar kada ya gamu da shi. Haka kuma cikin kayan da ayari ke kai wa da kawowa akwai mutane. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma da yawa daga masu ɗaukar kayan ba da son ransu suke tafe ba. Yaran aji shida sun isa su ji wannan.

Ƙarshen ayarin ya zo da sauri. Ingila ta ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante bisa Salaga ya karye. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu zuwa Kete-Karaci, inda shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Turawa suka ja iyakoki, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau dogo. Masu wayo suka sauya da zamani. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar fatake Agalawa, yana cikin waɗanda suka fara aika goro ta jirgin ruwa daga Akara, kafin ya shiga gyaɗa. Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne. Zangunan kuwa suna nan: a Kumasi da Akara da Lome unguwar Musulmi baƙi sunanta zongo, kuma Hausa ce harshen kasuwarta. Ba kullum zaman ya yi daɗi ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana, 'yan Nijar da 'yan Najeriya masu yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Tsofaffin da suka ga wannan da idonsu ba su ƙare ba tukuna, kuma malamin da ya tura yara su tambayi kakanninsu zai iya samun darasin da babu shi a littafi.

Tafiya ba ta daina ba. Wanda ya tsaya a Ɗan Isa ya ga layin manyan motoci masu jiran ƙetarawa Jibiya ya san fatauci na nan da ransa, kuma duk rani ƙauyukanmu na rage samari: wasu Kano da Ikko, wasu Agadas, daga can Libiya ko Aljeriya. Ina jin wasu iyaye na cewa ai tafiya gadonmu ce, kakanninmu ma sun yi. Sun yi, amma a duba yadda suka yi. Falke na tafiya da jari a bayan jaki, ya san abin da zai sayar da abin da zai sayo. Ana san ranar tashinsa, ana san lokacin da ya kamata ya dawo. Madugunsa mutum ne mai gida da suna a gari, wanda dukiyarsa da iyalinsa ke cikin ayarin, ƙishirwar da za ta kashe na baya ita za ta kashe shi. In ya dawo babu ɗan wani, a ƙofar gidansa za a tsaya a tambaye shi, kuma baɗi ba wanda zai bi shi. Ni a ganina wannan ne ya sa hanya mai mahara da koguna da cuta ta ɗore ɗaruruwan shekaru, ba ƙarfin zuciya kawai ba.

Yaron da ke tashi yau sau da yawa lambar waya kawai yake riƙe da ita. Wanda ya karɓi kuɗinsa a tasha ba shi ne zai tuƙa motar ba, mai tuƙin kuma ba shi ne zai karɓe shi a can ba, kuma uban yaron bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace ruwa ya ƙare. Yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, maƙwabtanmu na gabas. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata.