Kifin Zinariya Tsakanin Randa da Gilashi

Masana tarihi sun yi ittifaƙi cewa asalin kifin zinariya ƙasar Sin ne, inda tun zamanin daular Jin masunta sukan tsinci ja ko ruwan ɗorawa a cikin wani kifin tafki mai launin toka. Kuma da yake mabiya addinin Buddha suna ƙirga sakin mai rai cikin ayyukan lada, sai irin wannan kifi ya riƙa tsira daga tukunya, ana zuba shi a kududdufan wuraren ibada, yana hayayyafa da irinsa har launin ya tabbata.

Amma babban canji bai auku ba sai a zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, sa'ad da attajirai da ma'abota ilmi suka shigo da shi cikin gida a randunan tangaran. A nan ne hikimar take, domin kifin da aka ƙyanƙyashe da wutsiya biyu, wanda a tafki nauyin jikinsa zai sa tsuntsu ya riga kowa gare shi, a randa sai ya zama abin alfahari, mai shi ya ware shi, ya haɗa shi da makamancinsa. Kuma tun da mai randa daga sama yake leƙe, siffofin da aka zaɓa su ne masu ƙayatarwa daga sama: faffaɗar wutsiya da jan gadon baya. A 1596 wani marubuci mai suna Zhang Qiande ya wallafa risala a kan ƙa'idojin wannan kiwo.

Turawa kuwa ta gefe suka so kallo, al'amarin da ya sauƙaƙa bayan Ingila ta soke harajin gilashi a 1845. A 1850 Robert Warington, masanin kimiyyar sinadarai, ya bayyana yadda ya ajiye kifi biyu da tsiron ruwa cikin gilashi, da ruɓaɓɓen ganye ya gurɓata ruwan ya saka dodon-koɗi ya cinye dattin, ruwa ya washe ba tare da an sauya shi ba. A ganina wannan tajriba ta fi gidan kifin da aka buɗe a Landan a 1853 fa'ida, ko da yake shi ya fi shahara.

Irin gilashin nan ne ya ba wani mai kiwon kifi, Pierre Carbonnier, dama a Faris, a 1869, ya hayayyafa wani ɗan kifi dabam da aka kawo daga Sin, yana gani da idonsa yadda namijin yake gina sheƙar kumfa a saman ruwa, yana tsince ƙwai da baki yana mayarwa cikinta.