Daga zakaran kaciya zuwa wayar Inna

Da muna yara a ƙauyukan Ɗambatta, in wanzami ya zo kaciya cikin hunturu, ba a barin yaro ya ga aska. Kawu ne zai rungume shi ta baya yana ja masa hira, wani ya nuna masa zakaran da za a yanka masa. Kafin ya ankara an gama. Ba wanda ya kira wannan magani, amma magani ne.

Ciwon daji ba haka yake ba, don ba yanka ɗaya ne a tashi ba. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani ƙari mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, daga baya aka gane yana bin ƙasashen zazzaɓin cizon sauro, har da tamu. A Ibadan, Victor Ngu yana cikin waɗanda suka nuna cewa ƙarin yana sacewa da magani, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Lasker a 1972. Sai dai ta jijiya maganin ke shiga, zagaye bayan zagaye, ga ɗibar jini, ga allurar gadon baya. Yaron da aka ɗauko daga Ɗambatta zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, da ya hango farar riga sai kuka. Mu ma da namu laifin, mu da ke cewa "in ka ƙi ci zan kira mai allura."

Likitoci sun daɗe kafin su ɗauki zafin yara da gaske. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka ce saƙon zafi yana ratsa wata ƙofa a laka, kuma ƙwaƙwalwa na da hannu a buɗinta: tsoro na wangale ta, shagala na sakaya ta. Duk da haka, har cikin shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata a Turai da Amurka ba tare da isasshen maganin zafi ba. Sai a 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan zafin ciwon daji a jikin yara, ta jera wasa da labari da kasancewar iyaye kusa da magunguna.

Kusa da su fa, ba a madadinsu ba. Tatsuniyar Gizo ba ta maye gurbin maganin zafi irin su mofin, kuma ce wa yaro "ba zafi" ƙarya ce da yake ganewa tun allurar farko.

Bara na je dubiya, na tarar da wata uwa ta ɗora ɗanta a cinya, ta juya fuskarsa ga ƙirjinta, ta kunna masa bidiyon hawan salla a waya. "Ƙirga min dawakan, Abba," in ji ta. Nas na laluben jijiya a bayan hannunsa. Ya yamutsa fuska, hawaye ya taru, amma bai daina ƙirga ba. Yana kan na tara aka liƙa filasta.