Siffar Dutsen Kunne a Matsayin Ma'aunin Bambance Garken Tarwaɗa a Ruwayen Kanya, Ƙasar Zuru

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda siffar dutsen kunne za ta taimaka a gane ko tarwaɗar da ake kamawa a rafukan Kanya, cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta Jihar Kebbi, garke ne mai zaman kansa, ko kuwa reshe ne na kifin manyan gulabe. An bi diddigin ayyukan da suka kafa hanyar, an tsara yadda za a aiwatar da ita, an kuma nuna iyakarta.

Gabatarwa

Rafukan wannan yanki na damina ne. Da rani ya shigo sai su tsinke, ruwa ya rage a gurabe, nan tarwaɗa, Clarias gariepinus, take jiran ruwan sama, domin tana da gaɓar shaƙar iska a cikin kanta. Tambayar ita ce: kifin da ya cika rafi a watan Agusta daga ina ya fito? Idan 'ya'yan waɗanda suka yi rani a gurbin ne, to kwashe gurbi kaf a watan Maris yankan iri ne. Idan kuwa daga Gulbin Ka yake haurowa, wato gulbin da ya taso daga Zamfara ya faɗa Gulbin Sakkwato kafin a kai Neja, to kula da shi ya zarce ikon gari ɗaya. Dokar kamun kifi da ba ta san amsar wannan ba lalube take yi cikin duhu.

Abin da aka riga aka kafa

Kifi mai ƙashi yana da duwatsun kunne shida, uku a kowane gefe, masu taimaka masa wajen ji da daidaita jiki. Sinadarin alli ne ke taruwa a kansu, shimfiɗa bisa shimfiɗa, tsawon rayuwar kifin, kuma abin da ya taru ba ya narkewa ko da yunwa ta kama shi. Reibisch ya ƙirga shekarun kifi da zobban dutsen a 1899, Pannella kuma ya nuna a 1971 cewa akwai zobe na kowace rana.

A 1982 Kuhl da Giardina suka fitar da lissafin da ke mayar da kewayen kowace siffa zuwa jerin lambobi, bisa tsarin Fourier. Campana da Casselman sun gwada siffar dutsen a kan kifin kod na Tekun Atlantika a 1993, suka ga tana raba garke da garke, sai dai saurin girman kifi yana da babban tasiri a kanta. Wannan gargaɗi ya fi sauran sakamakon muhimmanci ga mai aiki a Kanya. A 2015 Libungan da Pálsson suka samar da manhajar shapeR kyauta, don haka aikin bai wuce ƙarfin ɗalibin digiri na biyu ba.

Tsarin aiki

Wanda ya kwafo hanyar masu binciken teku kai-tsaye zai yi tuntuɓe tun a matakin farko. Su dutsen sagitta suke cirowa, domin shi ne babba cikin duwatsun ukun a kifayensu. A dangin tarwaɗa sagitta siriri ne mai saurin karyewa, saboda haka lapillus, ɗaya daga cikin sauran biyun, ya kamata a ɗauka. Ga karfasa ko giwan ruwa kuwa, sagitta ɗin ne daidai.

Ana ba da shawarar wurare uku: guraben Kanya, Gulbin Ka, da Tafkin Kainji ta ɓangaren Yawuri, tafkin da ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968. A tara aƙalla kifi 50 daga kowane wuri, masu tsawo kusan ɗaya, a cikin wata guda. Kifin ya zama ɗanye, domin wutar banda tana tsattsaga dutsen, kuma a saye shi a bakin ruwa daga hannun masuncin da ya kama, tunda kifin kasuwa ya riga ya cakuɗe. A auna tsawo da nauyi, a rubuta jinsi, a ciro dutsen gefe ɗaya kullum, a wanke, a shanya, a ɗauki hotonsa a madubin ƙara girma bisa baƙin faifai. Kafin kwatanci dole a cire tasirin tsawon kifi daga lambobin. Sannan a gwada lissafin da kifin da aka ɓoye asalinsa, a ga sau nawa zai mayar da shi ruwansa.

Tattaunawa

Bambancin siffa ba hujjar bambancin jini ba ce. Tarwaɗar da ta yi watanni a gurbi mai zafi da ƙarancin abinci za ta iya fitar da dutse dabam da na 'yar'uwarta ta Kainji, ko da kakanninsu ɗaya. A ganin marubucin wannan bai rage darajar ma'aunin ba, domin abin da sarkin ruwa da jami'in kula da kamun kifi suke buƙatar sani shi ne inda kifin ya yi rayuwarsa. Tambayar jini ta gwajin ƙwayoyin gado ce, mai tsada, kuma siffar dutse ce za ta nuna inda ya cancanci a kashe wannan kuɗin.

Akwai wata matsalar da ba a so a raina: tarwaɗar kiwo. Ambaliya takan kwashe ta daga kududdufan masu kiwo ta zuba a rafi, kuma saurin girmanta zai iya jirkita sakamako. A haɗa da rukuni na huɗu daga gidan kiwo domin a gane ta a ware.

Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ita ta fi kusa da wuraren tattara samfuri, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa kuma ta daɗe tana aiki a kan Kainji. Lokacin da ya dace a fara shi ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, sa'ad da gurabe suka rabu da gulbi kuma ba a shakkar inda kowane kifi ya kwana.