Tarihin Alamomin Hasashen Sankarar Tumbi

Sankarar tumbi, wadda jama'a suka fi kira ciwon dajin ciki, tana cikin cututtukan daji biyar da suka fi kisa a duniya. Ƙididdigar 2022 ta nuna mutum kusan 970,000 sun kamu da ita a shekarar, wasu 660,000 kuma sun rasu. Alamomin hasashe su ne abubuwan da ake aunawa a jinin majinyaci ko a naman ƙarin da ya fito masa, domin likita ya ƙiyasta saurin cutar da maganin da zai karɓe ta.

Tun da Theodor Billroth ya yi nasarar yanke ɓangaren tumbin wata mata a Biyana a 1881, likitocin tiyata suka lura cewa mutum biyu kan sha aiki iri ɗaya, wannan ya daɗe, wancan ya tafi cikin watanni. Ma'aunin farko ido ne: girman ƙarin, zurfin da ya ci a bangon tumbi, da ko ya bazu zuwa kaluluwa da hanta. A kan wannan aka gina tsarin TNM da Bafaranshe Pierre Denoix ya fara a shekarun 1940, kuma har yau babu alamar da ta fi shi faɗin gaskiya. A 1965 Pekka Laurén na ƙasar Finlan ya raba cutar gida biyu: mai kama da naman hanji, da mai watsuwa cikin bango ba tare da curewa ba. Ta biyun ta fi kama matasa, ta kuma fi muni. A shekarar ce aka gano sinadarin CEA a Kanada, CA 19-9 ya biyo baya a 1979. An ɗora musu buri, amma amfaninsu ya tsaya ga bibiyar wanda aka riga aka yi wa aiki, don ba sa kama cutar da wuri.

Labarin ya sauya a 1982, lokacin da Robin Warren da Barry Marshall suka raino ƙwayar Helicobacter pylori a Ostireliya. A 1994 aka sa ta cikin jerin abubuwan da tabbas suke haddasa daji. A nan ne yankinmu ya shiga tarihin. Likita Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Maiduguri, ya wallafa a 1992 cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a arewacin Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar, akasari tun suna yara, amma ba a cika ganin sankarar tumbi ba. Ya kira wannan lamari abin mamakin Afirka. Wasu masana sun danganta shi da nau'in ƙwayar, ko abinci, ko tsutsar ciki da ke sauya garkuwar jiki. Wasu kuma suka ce babu wani mamaki, ba a dai duba mutane ne. Wannan magana ta biyu tana da ƙarfi, domin wanda ya rasu a gida yana shan maganin gyambon ciki bai shiga lissafin kowa ba.

Daga nan bincike ya nutsa cikin ƙwayoyin gado. A 1998 Parry Guilford ya gano tawayar ƙwayar gado ta CDH1 a wani dangin Maori na Niyuzilan da cutar ke bi zuriya bayan zuriya. A 2010 gwajin ToGA ya nuna cewa masu ƙari mai yawan furotin HER2, wato kimanin ɗaya cikin biyar, tsaka-tsakin rayuwarsu ya tashi daga wata 11.1 zuwa 13.8 da aka ƙara musu maganin trastuzumab. Ƙarin kwanan bai kai wata uku ba, amma shi ne karon farko da gwaji ya zaɓa wa mai wannan cuta magani. A 2014 shirin TCGA na Amurka ya tantance ƙari 295, ya kasa su huɗu. Rukunin da ake kira MSI, inda tsarin gyaran kurakuran gado ya lalace, masu shi sun fi daɗewa, kuma sun fi amsa magungunan zaburar da garkuwa. A 2024 Japan da Amurka suka amince da zolbetuximab ga masu alamar Claudin 18.2.

Kusan duk wannan ilimi daga majinyatan Asiya da Turai da Amurka aka samo shi. A yankinmu kuwa, misali a Jugu (Djougou) ta Jamhuriyar Benin, tsohon zangon fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, wanda ake zargin yana da cutar yakan nufi Parakou, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, inda jami'ar da aka kafa a 2001 take da tsangayar likitanci da asibitin koyarwa. Jamhuriyar Benin ta buɗe rajistar masu cutar daji a Kwatano a 2014, ta Parakou ta biyo baya. Irin wannan rajista, da ajiye naman da aka ɗebo yadda ya kamata, su ne za su nuna wane rukuni ya fi yawa a tsakanin Hausawa da Dandawa da Bariba, maimakon a riƙa aron alƙaluman Koriya.

Gwajin HER2 da na MSI suna yiwuwa a ɗakin binciken nama mai kayan rini na musamman. Tsadar magungunan da ke biyo bayansu ita ce babbar katanga. Kuma babu alamar da ke ceton wanda ya zo bayan cutar ta kai hanta. A Japan da Koriya ta Kudu, inda ake leƙa cikin mutane da kyamara tun ba su ji komai ba, fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu cutar suna wuce shekara 5. Don haka duk wanda ya haura shekara 40, ciwon ciki ya ƙi jin magani, yana ramewa, yana ƙoshi da loma kaɗan, ko yana bahaya baƙi, ya nemi a duba tumbinsa da kyamara a ɗebi nama a auna, kada ya tsaya ga maganin olsa na kemis.