Lahanin da Ya Zama Allon Rubutu

A shekarar 1966, a cibiyar binciken Bell Labs da ke jihar New Jersey ta Amurka, Arthur Ashkin da abokan aikinsa sun sha takaici. Da zarar sun ratsa hasken lesa ta cikin wani ƙanƙararren dutse mai suna litiyam niyobet, sai hasken ya fito a wargaje. Suka ce lahani ne hasken ke yi wa dutsen. Ashe rubutu yake ɗauka. Bayan shekara biyu, wasu masana a wannan cibiya suka adana hoton hologiram, wato hoto mai tudu da kwari, a cikin irin wannan dutse.

Ga yadda abin yake. Inda haske ya sauka, cajin lantarki kan kuɓuce ya gangara wajen da ke da duhu ya maƙale. Wannan rarrabuwar ce ke sauya yadda haske zai karkata in ya sake ratsawa. In aka haska wurin bai ɗaya, rubutun ya goge, kamar almajiri ya wanke allonsa ya sake sabon rubutu.

Sai dai haɗa irin wannan dutse akwai tsada da jan lokaci, kuma ba shi da faɗi. Shi ya sa ido ya koma kan roba. A 1991, a cibiyar IBM ta Almaden da ke Kalifoniya, Stephen Ducharme da W. E. Moerner da abokan aikinsu biyu suka nuna robar farko mai wannan hali. Rarrauna ce ƙwarai, amma ta buɗe ƙofa. A 1994 ayarin Nasser Peyghambarian na Jami'ar Arizona ya haɗa wata da ke juya kusan duk hasken da aka aika mata, muddin an ɗora mata wutar lantarki mai ƙarfi. Wannan sharaɗin kuwa ya daɗe yana ci wa masu binciken tuwo a ƙwarya.

Ashkin da Moerner duk sun samu lambar Nobel, Moerner a 2014, Ashkin a 2018 yana ɗan shekara 96, amma kowanne a kan wani aikin daban.

Mutanen Arizona dai ba su saki ba. A 2008 suka fito da allon roba mai nuna hoto da tudu da kwari, wanda ake gogewa a sake. A 2010 hoton ya kai ga sabuntuwa duk bayan daƙiƙa biyu, ana ɗaukar mutum a wani wuri yana bayyana a wani.