Allurar sanƙarau: daga Kano 1996 zuwa Dungas 2023

Duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya san abin da ake tsoro idan hunturu ya ja baya, iska ta bushe, ƙura ta rufe gari. Yaro zai dawo daga makaranta da ciwon kai da zazzaɓi, kafin gari ya waye wuya ya sandare. Sanƙarau ke nan. Tun 1963 wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana iyakar yankin da cutar ke yawan ɓarkewa a kudancin Sahara, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas, gundumar da Guci ke cikinta, ita ta fi yawan masu ciwon. Allurar da aka dogara da ita a lokacin sunanta seftiriyazon, wadda wasu suka fi sani da Rocephin. Ba ita aka fara da ita ba, kuma ba a sauƙaƙe ta iso hannun talaka ba.

Iyayenmu wata allura suka sani, kuloramfenikol da aka dama da mai. Mai kauri ce, tana da zafi, amma amfaninta a ƙauye babba ne: sau ɗaya ake yin ta a tsoka, ta daɗe tana aiki a jiki. Malamin asibiti guda da ke fuskantar marasa lafiya hamsin ba shi da halin ɗaura wa kowa ruwa sau huɗu a rana. Matsalar ita ce Turai ba ta buƙatarta, don haka kamfanin da ke yin ta ya daina a 1995, daidai lokacin da annoba ke ƙara ƙarfi a Sahel.

Seftiriyazon kuwa kamfanin Roche na Suwizalan ya fito da ita a farkon shekarun 1980. Danginta sun samo asali ne daga wani naman gwari da Giuseppe Brotzu ya tsinta a 1945 a bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya, abin da nakan so malaman kimiyya su riƙa ba ɗalibai labarinsa. Magani ne mai ƙarfi, yana ratsawa har ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai dai tsadarsa a wancan zamani ta fi ƙarfin asibitocinmu.

Mutanen Kano sun ji sunanta ta hanya mafi ɗaci. A annobar 1996, wadda ta kama fiye da mutum dubu 100 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi seftiriyazon, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, ya kuma musanta laifi. An yi shari'a shekara da shekaru, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ni a ganina asarar da ta fi kuɗin ita ce ta amana: da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa.

Gwajin da ya canja al'amari a Nijar aka yi shi, a 2003. Ƙungiyar likitocin MSF da hukumomin lafiya suka kwatanta allurar seftiriyazon guda ɗaya da ta mai a kan marasa lafiya kimanin 500, aka ga aikinsu ɗaya. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2005, lokacin da wasu kamfanoni suka samu damar yin maganin, farashinsa ya faɗi.

Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya kusan kawar da nau'in A na ƙwayar cutar, sai nau'in C ya maye gurbinsa, shi ne ya addabi Dungas da Magarya da Matamaye, ya kuma bayyana a Jigawa. Ƙa'idar magani ma ta canja: an bar allura guda, aka koma ta kwana biyar a jere. Ga mutumin Guci wannan na nufin kwana biyar na jinya nesa da gida, ko zirga-zirga a kan babur, kuma da yaro ya ɗan farfaɗo sai a ji sha'awar komawa gida a kwana na biyu.

Arahar ta zo da nata ciwon. Yau a kemis da yawa na birni da ƙauye ana tsira wa mutum seftiriyazon don mura ko zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ba ta yi musu komai, har wasu iyaye na ganin ba a duba ɗansu ba in ba a yi masa ita ba. Ƙwayoyin cutar da ke sabawa da ita ta wannan hanya, likitoci sun riga sun fara cin karo da su a ɗakunan jinyar yara na Maradi da Kano.