Tsohon Xeon ko sabon Core i3: abin da ya kamata mai sayen kwamfuta a Gadarif ya sani

A yankin Gedambaliya da ke kusa da birnin Gadarif ne aka fara noma da tarakta a Sudan, wajen 1944 zuwa 1945, saboda haka mutanen wannan jiha sun daɗe da sanin gardamar tsohon inji mai ƙarfi da sabon inji ƙarami. Yau irin wannan gardama ta shigo shagunan buga takardu, ofisoshin dillalan dawa da riɗi, da ɗakunan samari masu haɗa bidiyon biki. Mai sayarwa zai ajiye maka kwamfuta biyu da kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ɗaya tana ɗauke da Xeon, furosesan da aka ƙera domin manyan kwamfutocin kamfanoni da ake kira saba ko uwar garke. Ɗayar kuma tana da Core i3, na ƙasa a jerin Core na Intel na kwamfutar tebur. Zai ce maka ta farkon ƙwaya 14 gare ta, ta biyun 4 kacal. Wanda ya tsaya a kan wannan lissafi zai iya yin asarar kuɗin da watakila wani ɗan'uwa ya yi watanni yana tarawa a Jidda.

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙwaya kuma ita ce kowane sashe nasa da ke iya ɗaukar aiki shi kaɗai. Za mu ɗauki misali biyu da suka fi yawo a kasuwa.

Xeon E5-2680 v4 ya fito a farkon 2016, Intel ta sa masa kuɗi sama da dala 1,700. Yana da ƙwaya 14 da layin aiki 28, gudunsa na asali 2.4 GHz, yana kaiwa 3.3 GHz idan ƙwaya ɗaya ko biyu ne ke aiki, ƙarfin wutar da aka rubuta masa wat 120. Ba ya da sashen nuna hoto a cikinsa. Core i3-12100 ya fito a Janairun 2022 a kan kimanin dala 122. Ƙwaya 4, layin aiki 8, gudu daga 3.3 zuwa 4.3 GHz, wutarsa ta asali wat 60, tana iya hawa 89 idan aiki ya yi tsanani, kuma yana da sashen hoto mai suna UHD 730.

Dalilin arahar Xeon ba ɓoyayye ba ne. Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Amurka, Turai da China suna sauya injinansu bayan ƴan shekaru, sai dubban furosesoshi su zubo kasuwar gwanjo lokaci guda. Wasu kamfanonin China irin su Huananzhi da Machinist suka shiga ƙera madabod mai araha, wato faifan da ake dasa furosesa da RAM a kansa, suna sayar da shi haɗe da Xeon da RAM a AliExpress da sunan X99. Irin wannan kaya ne ke biyowa ta Dubai ya iso Port Sudan, ko ya sauka Legas ya hau titin Beirut a Kano, daga nan ya tsallaka Maraɗi.

Ƙwaya 14 da ƙwaya 4

Ka ɗauka kana da leburori 14 da shekaru suka fara ja, wani kuma yana da samari 4 majiya ƙarfi. Idan yankan riɗi ne a faɗin gona, inda kowa zai kama kunyarsa, masu yawan za su riga gamawa. Idan kuwa buhu ɗaya za a ɗinke, ko a shiga rijiya a ɗauko guga, mutum ɗaya ne zai yi, sauran 13 kallo za su tsaya yi. A nan saurin mutum ɗaya shi ne magana.

Yawancin abin da ake yi da kwamfuta a shago irin na ɗinkin buhu ne: buɗe Word, lissafi a Excel, shiga intanet, cike fom ɗin biza, gyaran hoton fasfo. A gwaje-gwajen da ake yi wa ƙwaya ɗaya, i3-12100 yana kusan ninka E5-2680 v4, domin shekaru shida na ci gaban ƙira ne ke tsakaninsu, ga kuma ratar gudu. Abin da mai shago zai gani da idonsa shi ne shafi na buɗewa da wuri, manhaja na amsawa da an taɓa ta. Idan aka haɗa dukan ƙwayoyin a kan aiki ɗaya, Xeon ɗin ne ke gaba, amma ratar ba ta kusa da abin da 14 da 4 ke nunawa ba, ko ninki biyu ba ta kai ba.

Har a haɗa bidiyo, inda mutane ke zaton Xeon ba shi da abokin karawa, maganar ba ta miƙe ba. Sashen hoto na i3 yana da Quick Sync, wani ɓangare da aikinsa kawai matse bidiyo da warware shi a tsarin H.264 da HEVC, yana kuma iya karanta AV1. Mai fitar da bidiyon suna ko na ɗaurin aure domin WhatsApp da YouTube zai same shi da amfani ƙwarai. A lura dai, i3-12100F mai harafin F a ƙarshe ba shi da sashen hoto, saboda haka ya fi araha.

Inda Xeon ya yi fice da gaske shi ne wajen RAM da yawan abin da ake iya jona masa. Yana da hanyoyin RAM huɗu, i3 na da biyu. Yana karɓar RAM na saba mai gyara kuskure da kansa, wanda ake kira ECC, yana kuma da layukan PCIe 40. Ɗalibin da ke koyon sarrafa saba, yana son kunna kwamfutocin gwaji goma a cikin guda ɗaya, ko makaranta mai son ajiye littattafai da bidiyon darasi a inji ɗaya da ɗalibai da yawa za su shiga, su ne aka yi wa wannan furosesa.

Wuta

Wannan shi ne abin da mai sayarwa ba ya kawowa, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi ga mutumin Gadarif. Jihar tana da madatsar Atbara ta Sama da Setit mai ƙarfin megawat 320, wadda aka buɗe a 2017, amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 wutar gwamnati ta zama abin da ba a dogara da shi. A Janairun 2025 hare-haren jirage marasa matuƙi a kan madatsar Merowe da tashar wuta ta Shawak sun jefa Gadarif da jihohin da ke maƙwabtaka da ita cikin duhu. Wanda ke da shago ya koma kan sola, batir da janareta, inda kowane wat kuɗi ne.

Kwamfutar Xeon ba ta nuna komai a allo sai an sa mata katin hoto dabam, shi ma yana shan tasa wutar. Ko tana zaune ba ta aikin komai, tana jan wuta fiye da ta i3 sosai. A ce bambancin wat 50 ne, shago kuma yana buɗe sa'o'i 10. Kullum wat-awa 500 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200 a rubuce, amma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, wato 600. Ke nan bambancin da ke tsakanin kwamfutocin biyu kaɗai ya kusa cinye batir guda a kowace rana. Ka je ka tambayi kuɗin batir da na ƙarin faifan sola, ka ɗora a kan kuɗin Xeon ɗin, sannan ka sake kwatantawa.

Ga mai karatu a Najeriya, wannan bambanci kilowat-awa 15 ne a wata. A farashin rukunin Band A na Afrilun 2024, naira 225 kowane kilowat-awa, ya kama naira 3,375 a wata, sama da 40,000 a shekara. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuwa ba su manta yadda aka sha ba lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023.

Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. A Gadarif zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ga ƙura. Saba irin Dell PowerEdge R730 an tsara ta ne ta yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, kuma ƙarar fankokinta ba ta barin a yi ciniki a kusa da ita. Kada a ɗauko irin wannan a kai shago don an ga ta yi araha.

Tarkon da ke cikin suna

Akwai furosesa huɗu masu suna E5-2680, kuma ba abu ɗaya ba ne. Wanda ba shi da komai a bayansa na 2012 ne, ƙwaya 8. Mai v2 na 2013, ƙwaya 10. Mai v3 na 2014, ƙwaya 12. Mai v4 shi ne na 2016. Biyun farko suna hawa soket LGA 2011 da RAM na DDR3, biyun ƙarshe LGA 2011-3 da DDR4, ba sa musanya wuri. Na 2012 da 2013 ba su da umarnin AVX2, wanda wasu sabbin manhajoji suka fara wajabtawa. Red Hat Enterprise Linux 10 na 2025 ba ya hawa kansu. Idan takardar talla ta ce «Xeon 2680» ta yi shiru, a kunna kwamfutar a duba da ƙaramar manhajar CPU-Z kafin kuɗi ya bar hannu.

Madabod ɗin ma abin dubawa ne. Da yawa daga cikin masu arahar da ake kira X99 ba su da ainihin guntun X99, an ciro na tsofaffin kwamfutocin tebur ne irin H81 ko B85 an dasa. Wasu suna da ramin RAM huɗu amma hanya biyu kawai ke aiki, ka ga fifikon da aka sayi Xeon dominsa ya tafi. Idan ya mutu, babu garantin da zai bi ka har Gadarif. Wanda lallai Xeon yake so gara ya nemi cikakkiyar kwamfutar kamfani ta hannu, kamar HP Z440 ko Dell Precision T5810, waɗanda aka ƙera tun asali domin waɗannan furosesoshi, da akwatin wuta mai inganci.

Windows

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesan da ke cikin jerinta, wanda a ɓangaren Core ya fara daga zubi na 8. Babu E5 v3 ko v4 a jerin. Masu gyara sun san hanyar tsallake shingen, kwamfutar kuma za ta tashi, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da gyaran tsaro ba. Ga mai wasan kwamfuta wannan ƙaramin abu ne. Ga shagon da mutane ke kawo fasfo, takardun makaranta da bayanan asusun banki, musamman kamar lokacin da ƴan gudun hijira daga Khartoum, Wad Madani da Sinja suka cika gari, abu ne da ya shafi amanar jama'a. Linux irin Ubuntu ko Debian na tafiya lafiya a kan Xeon, in dai akwai direban na'urar buga takardun shagon.

Ba dole ne zaɓin ya tsaya kan waɗannan biyu ba. Ryzen 5 5600G na AMD, wanda ya shigo kasuwa a Agustan 2021, yana da ƙwaya 6, wat 65, da sashen hoto da ya fi na i3 ƙarfi. Tsofaffin kwamfutocin ofis, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk masu Core i5-8500 na 2018, suna da ƙwaya 6, suna cikin jerin Windows 11, kayan gyaransu kuma na ko'ina. Ga mai buga takardu da kuɗinsa bai kai na sabon i3 ba, ni nan zan tura shi. A ƙauyukan da ke kewayen Gedambaliya, inda sola ce kaɗai wuta, akwai ƙananan kwamfutoci masu Intel N100 na 2023, wanda aka rubuta masa wat 6. Ba zai haɗa bidiyo mai nauyi ba, amma zai riƙe lissafin buhunan dawa da kuɗin leburori, kuma da yawa daga cikinsu bolt 12 suke ci, ana iya ba su wuta daga batir ta ƙaramin mai daidaita wuta ba tare da inbata ba.